Zauren Tambaya da Amsa: Yaya Ake Renon Shugaba a Zamanin Na'ura?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun fi karkata ga batu guda, wato yadda za a tarbiyyantar da matasa su iya jagoranci a duniyar da kwamfuta da wayar hannu da ƙirƙirarriyar basira (wato manhajojin da ke kwaikwayon tunanin ɗan'adam) suke ƙara mamaye aiki da karatu da mu'amala. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita su saboda ƙarancin wuri, kuma na sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗa mai shekara 16 wanda Allah ya hore wa basirar kwamfuta, har ya kai yana rubuta ƙananan manhajoji da kansa. Damuwata ita ce ba ya iya aiki da mutane. An ba su aikin haɗin gwiwa su biyar a makaranta, aka naɗa shi shugaba, sai ya kwashe aikin duka ya yi shi kaɗai cikin dare biyu, ya ce sauran ɓata masa lokaci suke yi. Sun sami maki mai kyau, amma yanzu babu mai son a haɗa su rukuni ɗaya. Mahaifiyarsa tana ganin ba komai tunda ya iya aikinsa, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Shin in nema masa kwas na koyon shugabanci ne? Daga wani mahaifi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya raya mana shi, ya sa albarka a basirar da ya ba shi. Rashin kwanciyar hankalinka yana da dalili. Ranar da aka naɗa yaron nan shugaba, nauyi biyu aka ɗora masa, na farko ya ga an kammala aikin, na biyu ya tafi da mutum huɗun da aka damƙa masa har su ma su iya abin da aka so su koya. Ya sauke na farko, ya ajiye na biyu a gefen hanya, kuma makin da suka samu ya lulluɓe wannan giɓin har mahaifiyarsa ba ta gan shi ba. Ita ma tana da gaskiyarta, domin ƙwarewa baiwa ce da ba a raina ta, sai dai a fagen fasaha babu wani babban aiki da mutum ɗaya yake gamawa, komai kaifin ƙwaƙwalwarsa.

Akwai labarin da nake so ka ba shi, domin na san zai saurari labarin mutumin da yake ganin girmansa a wannan fanni. A shekarar 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds, yana da shekara 21, ya fara rubuta manhajar Linux, wadda a yau take tafiyar da mafi yawan manyan kwamfutocin da ke ɗauke da intanet, kuma a kanta aka gina Android da ke cikin wayoyin biliyoyin mutane. Abin da ya ɗaukaka Linux shi ne ya sake ta ga jama'a, masu rubuta manhaja daga ƙasashe daban-daban suka riƙa turo gyara da ƙari, har aikin Torvalds na yau da kullum ya koma duba aikin wasu, ya karɓi wannan, ya mayar da wancan. Wato gwanin rubutu ya wayi gari ya zama shugaban dubban marubuta, ko ya shirya ko bai shirya ba. Shekaru da yawa an san shi da kaifin harshe ga duk wanda ya kawo aikin da bai gamsar da shi ba, har a watan Satumba na 2018 ya fito fili ya nemi afuwar mutanen da ya ɓata wa rai, ya janye daga aikin na ɗan lokaci domin ya nemi taimako a kan yadda zai fahimci halin da abokan aikinsa suke shiga. Yana da shekara 48 a lokacin. Darasin da wannan gwani ya karɓa bayan shekara 27 yana jagoranci, ɗanka yana da damar karɓarsa tun yanzu, kuma cikin sauƙi.

Kamfanin Google ma ya taɓa tambayar kansa dalilin da ya sa wasu rukunan ma'aikatansa suke fin wasu nasara. Daga shekarar 2012 ya binciki rukunai 180, kuma abin da ya gano shi ne tara haziƙai wuri ɗaya ba ya ba da tabbacin komai, domin yadda 'yan rukuni suke mu'amala da juna ya fi tasiri a kan ko su wane ne a ciki. Abin da ya zo kan gaba shi ne kowa ya sami natsuwar cewa zai iya yin tambaya, ko ya ce bai gane ba, ko ya amsa kuskurensa, ba tare da an muzanta shi ba. Farfesa Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta riga ta bayyana wannan tun a 1999, bayan ta lura a wani bincikenta na farko cewa rukunan ma'aikatan asibiti masu kyakkyawar alaƙa sun fi kai rahoton kurakurai, saboda ba sa tsoron faɗa. Yanzu ka auna wannan da kalmar da ɗanka ya faɗa wa abokansa, cewa ɓata masa lokaci suke yi. Daga ranar babu wanda zai sake yi masa tambaya, kuma shugaban da ba a yi masa tambaya shi ne na ƙarshe da yake jin labarin ɓarna idan ta auku.

Game da kwas, ban ce ba shi da amfani ba, amma ba da shi zan fara ba. Ka ba shi aikin da ba zai yiwu ya yi shi kaɗai ba. Ka haɗa shi da ƙannensa biyu ko uku, ko wasu yara da suke sha'awar abin da ya iya, ka ce ya koya musu rubuta ƙaramar manhaja cikin wata biyu, bisa sharaɗin cewa hannunsa ba zai taɓa madannan kwamfutar ba. Ranar gwaji su ne za su nuna aikin, su kuma amsa tambayoyi, shi yana zaune yana kallo. Makon farko zai ji kamar ya fashe, domin abin da yake yi cikin minti biyar zai ga ana shafe awa guda ana lalube, amma a nan ne zai gane cewa bayyana abu ya fi yin sa wuya, kuma wanda bai gane ba sau da yawa laifin mai bayanin ne. Kai ma ka sauya irin tambayar da kake yi masa idan ya dawo gida. Maimakon ka ce ko an gama, ka tambaye shi wane ne ya iya yau abin da bai iya ba jiya, wane ne ya yi shiru, kuma me yake ganin ya sa shi shirun.

Sannan akwai bashin mutum huɗun nan. Ka zaunar da shi cikin sirri, ba gaban 'yan'uwansa ba, ka nuna masa cewa ka san son aiki mai kyau ne ya kai shi, amma ya hana su haƙƙinsu na koyo, kuma ya kamata ya je ya ba su haƙuri da bakinsa. Kada ka tilasta masa ranar, ka bar shi ya kwana da maganar.

TAMBAYA: Malam, ni malamin sakandare ne. Kwamfutocinmu ba su kai goma ba, ɗalibai kuwa sun haura ɗari uku, intanet ma sai jefi-jefi. Kullum ana ce mana mu shirya yara su jagoranci zamanin fasaha. Da me za mu shirya su? Daga wani malami.

AMSA: Malam, Allah ya saka maka da alheri a kan wannan ɗawainiya. Ba makarantarku kaɗai ke cikin wannan hali ba, domin ƙididdigar hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a 2023 mutum biliyan 2.6, kusan kashi ɗaya cikin uku na al'ummar duniya, ba sa amfani da intanet. Ba zan ce maka ƙarancin kayan aiki ba matsala ba ce, matsala ce babba, kuma haƙƙi ne a ci gaba da neman a magance ta. Amma ɓangaren shugabanci na wannan aiki ba ya jiran isowar kwamfuta.

A 1907 Robert Baden-Powell ya kai yara kimanin ashirin wani tsibiri mai suna Brownsea a Ingila, inda aka yi sansanin da harkar sikawut ta samo asali. Ya raba su ƙananan rukunai huɗu, ya ɗora yaro ɗaya a kan kowane rukuni, ya bar masa nauyin 'yan rukuninsa na gaske. Wannan tsari ya haura shekara ɗari yana aiki, kuma sirrinsa shi ne ƙanƙantar rukunin da gaskiyar nauyin. Ka raba ɗalibanka shida-shida, kowane rukuni ya sami ranarsa da awarsa a kan kwamfuta ɗaya, shugaban rukuni shi zai tsara wanda zai zauna, ya karɓi mabuɗi, ya mayar, ya rubuta abin da ya lalace. Shugabancin ya riƙa zagayawa duk wata, domin idan ka bar wa yara zaɓi kullum mai baki za su ɗora, alhali wanda ya fi iya riƙon amana yana can baya bai taɓa samun dama ba. Idan sun zauna, ɗaya ya riƙa dannawa, ɗaya yana duba abin da ake rubutawa yana ba da umarni, bayan ɗan lokaci su yi musanya. Ƙwararrun masu rubuta manhaja ma suna aiki bibbiyu haka da gangan, saboda ido huɗu sun fi biyu kama kuskure. Manhajar Scratch, wadda cibiyar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 domin koya wa yara, kyauta ce kuma ana iya amfani da ita ba tare da intanet ba. Akwai kuma darussan da Tim Bell da abokan aikinsa suka tsara a Jami'ar Canterbury ta New Zealand, waɗanda suke koyar da tunanin kwamfuta da kati da alli da wasanni, babu na'ura ko ɗaya.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne aikin ya kasance na gaske, wanda wani zai amfana idan an yi, wani kuma zai ji a jikinsa idan ba a yi ba. A ba wani rukuni tsara rajistar littattafan ɗakin karatu, wani ya riƙe lissafin kayan ɗakin gwaji, wani ya koya wa 'yan aji ɗaya yadda ake kare kalmar sirri. William Kamkwamba na Malawi yana da shekara 14, ya bar makaranta saboda yunwar da ta auka wa ƙasarsu ta hana iyayensa biyan kuɗin karatu, lokacin da ya haɗa injin samar da lantarki daga iska da tarkacen ƙarafa da sassan keke, bayan ya ga hotonsa a littafin da ya ara a ƙaramin ɗakin karatu. Matsalar da ya sa a gaba ta gidansu ce, shi ya sa bai gaji ba.

Bayan kowane aiki ku zauna minti goma, shugaban rukuni ya tashi ya faɗi abin da suka yi niyya, abin da ya faru, dalilin bambancin, da abin da za su sauya. Shi zai fara ambaton nasa kuskuren kafin na kowa. Kai kuma, Malam, ka daure ka riƙe hannunka. Na taɓa karɓe aikin wasu ɗalibaina ana gobe za su gabatar da shi, na kwana ina gyarawa saboda tsoron kada su ji kunya. An yaba musu, amma na ga a fuskar shugabansu cewa ya san yabon ba nasa ba ne, kuma bai sake neman jagorantar komai ba har ya gama makarantar. Har yau abin yana damuna.

TAMBAYA: Malam, ina aji uku a jami'a. Yanzu duk abin da na tambayi ƙirƙirarriyar basira sai ta ba ni amsa cikin daƙiƙa, har tsarin kasuwanci da jawabi da shawara. Idan na'ura ta fi mu sani kuma ta fi mu sauri, me ya rage wa shugaba ya yi nan gaba? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗana, tambayarka ta fi duk sauran nauyi, kuma zan amsa ta da abubuwa biyu da suka faru da gaske. A daren 26 ga Satumba 1983, wani hafsan sojan Tarayyar Sobiyat mai suna Stanislav Petrov yana bakin aiki a cibiyar da ke sa ido kan harin makamai masu linzami, kusa da Mosko. Na'urar ta yi ƙara, ta nuna cewa Amurka ta harbo makami ɗaya, sannan ta ƙara har suka zama biyar. Da ya miƙa rahoton a matsayin hari, ana iya mayar da martani da makaman nukiliya. Sai ya yi tunani cewa ƙasar da ta ƙudurta fara irin wannan yaƙi da ɗaruruwan makamai za ta fara, kuma tsarin sabo ne, na'urorin hangen nesa na ƙasa ma ba su tabbatar da komai ba. Ya sanar da manyansa cewa kuskuren na'ura ne, alhali shi kansa ba shi da cikakken tabbaci. Daga baya aka gano cewa hasken rana ne ya faɗa kan gajimare mai nisa, tauraron ɗan'adam ya ɗauke shi a matsayin wutar makami. Petrov bai fi na'urar saurin lissafi ba, amma ya san abin da ba a saka mata ba, ya kuma yarda ya ɗauki alhakin hukuncin a wuyansa.

Na biyu kishiyar na farko ne. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu kula da ƙananan gidajen waya sama da 900 a Birtaniya bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, saboda wata manhaja mai suna Horizon tana nuna giɓin kuɗi a asusunsu. Wasu sun tafi kurkuku, wasu sun tsiyace suna biyan kuɗin da ba su ci ba, kuma an sha gaya wa kowannensu cewa shi kaɗai ne ke da wannan matsala. Manhajar ce take da lahani, amma shugabannin da ke sama suka fifita abin da allon kwamfuta ya nuna a kan rantsuwar ɗaruruwan mutane. Wanda ya jagoranci tono gaskiya, Alan Bates, shi ma mai kula da gidan waya ne da ya ƙi sa hannu a kan lissafin da bai yarda da shi ba, aka raba shi da aikinsa a 2003. Ya shafe shekaru yana nemo 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya, har su 555 suka shigar da ƙara, kotu ta ba su gaskiya a 2019, kuma a 2024 majalisar ƙasar ta yi doka ta soke hukuncin da aka yanke wa da yawa daga cikin waɗanda aka zalunta.

Ka ga abin da ya rage wa shugaba ke nan, kuma ba ƙarami ba ne. Shi ne zai san lokacin da za a yarda da na'ura da lokacin da za a dakatar da ita, shi zai saurari mutumin da ya ce na'urar ta zalunce shi, kuma shi za a kira idan abu ya ɓaci, domin ba a gurfanar da manhaja, ba ta jin kunya, ba ta kuma ba da haƙurin da zai sanyaya zuciyar wanda aka cuta. Irin manhajar da kake tambaya, kamar ChatGPT da aka saki a watan Nuwamba na 2022, an horar da ita ne da rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa domin ta riƙa hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, shi ya sa take magana da murya ɗaya mai cike da tabbaci ko tana kan daidai ko tana kan kuskure. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in baya da manhajar ta ƙirƙiro musu, waɗanda ba su taɓa faruwa ba. Lauyoyin ne alƙalin ya kama da laifi, domin su suka sa hannu.

Saboda haka ka yi amfani da ita sosai, ka san ƙarfinta da rauninta fiye da tsaranka, amma ka ɗaure kanka da wasu ɗabi'u tun yanzu. Kafin ka tambaye ta, ka rubuta naka ra'ayin ko da layi uku ne, domin ƙwaƙwalwar da ta saba karɓar amsa kafin ta yi tunani takan rasa ƙarfin yin gardama. Kada ka miƙa wa kowa abin da ba za ka iya bayyana shi da bakinka ba idan an kashe wayar. Ka koyi ilimin ƙididdiga gwargwadon da za ka iya tambayar inda aka samo adadi da wanda aka bari a waje lokacin ƙirga. Kuma duk tsarin da aka kawo maka, a makaranta ko a wurin aiki nan gaba, ka tambayi wanda zai cutu idan ya yi kuskure, da ƙofar da zai ƙwanƙwasa ya kai kuka.

TAMBAYA: Malam, shekarata 17, an zaɓe ni shugabar ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu. Ni ba mai yawan magana ba ce, kuma idan muna taro maza biyu ne suke cinye lokacin, ko na fara magana sai su katse ni. Ina tunanin in ajiye muƙamin. Daga wata ɗaliba.

AMSA: 'Yata, kada ki ajiye. Waɗanda suka zaɓe ki sun san ba ki da yawan magana, kuma duk da haka ke suka zaɓa. Matsalarki ta tsarin taro ce, kuma gyaran tsari yana hannun shugaba. Ki rubuta abubuwan da za a tattauna kafin ranar, ki raba wa kowa. Idan an zo kan batu, kowa ya fara rubuta ra'ayinsa a takarda na minti biyu, sannan a zagaya ɗaya bayan ɗaya, kowa da lokacinsa, a naɗa mai duba agogo. Ki sami waɗannan biyun a keɓe, ki ba kowannensu aiki mai nauyi da ranar kawo shi, domin sau da yawa mai cika taro da surutu hannunsa ne babu komai. Idan an katse ki, ki ce cikin natsuwa ba ki gama ba, ki ci gaba daga inda kika tsaya, ba tare da ɗaga murya ba.

Wani bincike da Anita Woolley ta Jami'ar Carnegie Mellon da abokan aikinta suka wallafa a 2010 ya nuna cewa rukunan da 'yan kaɗan suke mamaye magana a cikinsu ba su kai waɗanda ake karɓa-karɓa iya warware matsala ba. Don haka idan kin tsara taro yadda kowa zai sami baki, ƙungiyar kike ƙara wa basira. Ki kuma nemi tarihin Margaret Hamilton, wadda ta jagoranci rukunin da ya rubuta manhajar kumbon Apollo a cibiyar MIT tana 'yar shekara talatin da 'yan kai. Lokacin da Apollo 11 yake gab da sauka a duniyar wata a 1969, aiki ya yi wa kwamfutar yawa, amma da yake an tsara manhajar ta ajiye ƙananan ayyuka ta riƙe mafi muhimmanci, sai aka sauka lafiya. Tanadin abin da ka iya ɓaci tun kafin ya ɓaci aiki ne da masu natsuwa irinki suka fi ƙwarewa a kai.

TAMBAYA: Malam, ina da mabiya kusan dubu arba'in a shafukan sada zumunta, kuma ni ke kula da wani zauren WhatsApp na matasa. Abokaina suna kirana jagora. Kwanaki na yaɗa wani labari, daga baya ya zama ƙarya, sai na goge shi shiru. Shin hakan ya wadatar? Daga wani matashi.

AMSA: Ɗana, bai wadatar ba, kuma ina jin zuciyarka ta riga ta gaya maka, shi ya sa ka rubuto. Waɗanda suka karanta labarin kafin ka goge shi har yanzu suna ɗauke da shi a matsayin gaskiya, wasu ma sun tura wa wasu da sunanka a kai. A 2018 masu bincike a MIT sun bi sawun labarai kimanin 126,000 da aka yaɗa a Twitter cikin shekaru goma sha ɗaya, suka gano cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu sake tura shi da kashi 70 cikin ɗari, kuma mutane ne suka fi yin wannan aiki, ba manhajojin da ke aika saƙo da kansu ba. Ma'ana gyaran da za ka yi ba zai yi gudun ƙaryar ba, sai ka tura shi da ƙarfi.

Yawan mabiya dama ce, kuma ana iya juya ta ta zama hidima. Lokacin rikicin da ya biyo bayan zaɓen Kenya na ƙarshen 2007, wata lauya mai rubutu a intanet, Ory Okolloh, ta yi kira ga masu karanta ta, wasu masana kwamfuta suka amsa, cikin 'yan kwanaki suka gina Ushahidi, taswirar da jama'a suke turo mata rahoton inda ake tashin hankali ta saƙon waya, kuma an yi amfani da ita bayan girgizar ƙasar Haiti a 2010. Abin da ya ba aikin daraja shi ne ƙoƙarin tantance rahoto da nuna wanda aka tabbatar da wanda ba a tabbatar ba.

Ka koma duk inda ka saka labarin, ka rubuta a sarari cewa kai ka yaɗa shi, ƙarya ne, ga gaskiyar magana, ka roƙi duk wanda ya tura ya tura gyaran, kuma ka liƙa saƙon a saman shafin na tsawon mako guda. Idan labarin ya taɓa mutuncin wani, ka neme shi kai tsaye ka ba shi haƙuri. A zauren kuwa, ka zaɓi mutum biyu masu tsantseni su zama masu tantancewa tare da kai, ku amince cewa duk labarin da ya shafi rai ko lafiya ko mutuncin mutum ba zai wuce ba sai an ga asalinsa a wurare biyu da ba su kwafi juna ba, kuma dokar ta fara aiki a kan saƙonninka kafin na kowa.